Muryar Yaya ta ƙi fitowa a lasifika

Dogo Tebo, Potiskum

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Halima da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Kaset ɗin da ka ɗauki muryarka a ciki ka aiko wa Inna ya iso ta hannun direban tirela. Da yake kunnenta ya yi nauyi, na sa shi a babbar rediyon da ka bari a falo, wadda ka haɗa da amfilifaya, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sauti. Kaset yana juyawa, amma shiru. Na sa wani kaset na waƙa, ya yi ƙara. Inna ta ce, "Musa, ko dai bai ce komai ba ne?"

Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ashe wayar hagu da ke tsakanin rediyon da amfilifaya ta tsinke ta ciki, lasifikar dama kaɗai ke aiki, ba mu taɓa lura ba. Kai kuma a ɓangaren hagu kawai muryarka ta hau. Da na mayar da lafiyayyar wayar can, sai ga sallamarka ta cika falon.

Inna ta amsa maka, ta gyara zama. Sau uku ta sa na maimaita wurin da ka yi tari. Ta ce in tambaye ka ko kana shan magani, kuma yaushe za ta ji muryar nan ba daga cikin akwati ba.

Ka gaida mutanen gidan, ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Musa