Ranar da Mairo Ta Kira Sunan Ɗanta

Da sunan Allah Mai rahama. Daga ƙanwarka Barira, a ƙauyenmu na kusa da Ɗambatta, zuwa ga Yaya Khalilu a Salaga, ƙasar Gwanja. Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, rumbunka ya cika har baki. Liman Basiru ne yake rubuta mini, na kuma ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Ayarin da zai kawo maka wannan yana ɗauke da saƙon Mati, uban mijin ’yarka Mairo. Ƙararta ya kai maka, wai ba ta da kunya. To, ka ji yadda aka yi daga bakin wadda take wurin. Ranar Talata da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidansu, sai ga Mati ya shigo ya ɗauki jikanka Dabo, wanda ko yaye shi ba a yi ba. Ka san Mati, ba ya zama wuri sai ya nuna gwaninta. Ya ɗora yaron a cinya yana jefa masa ƙwayar gyaɗa a baki kamar mai ba kaza tsaba, yana yi masa cakulkuli. Na ce masa yaron bai iya tauna ba. Ya ce wai ’ya’yan gidansu da gyaɗa a baki ake haifarsu. Ƙwaya ta uku ce ta shaƙe shi. Yaro ya yi tsit, ba kuka ba tari, ido ya firfito, leɓe ya fara baƙi. Shi kuwa gwanin sai ya miƙa hannu ya riƙe shi nesa da rigarsa, yana cewa iska ce, a kira malam, a kawo turare.

Mairo tana bayan turmi, kai a sunkuye kamar yadda muka koya mata, don Dabo ɗanta ne na fari, ga kuma suruki a wurin. Wata ashirin ke nan bakinta bai taɓa ambaton sunan yaron ba. Ni ciwon gwiwa ya hana ni tashi da sauri. Sai na ji ta ƙwala kiran Dabo. Ta tsallake tabarma, ta fizge shi daga hannun tsohon, ta kifa shi a cinyarta kai a ƙasa, ta dinga bugun tsakanin kafaɗunsa har gyaɗar ta faɗo. Da ya tsala kuka ta rungume shi, ita ma tana kuka, kallabinta a ƙasa.

Abin da ya dami Mati ke nan, ba jikan ba. Wai ta taɓa hannunsa, ta ambaci ɗan fari, ta zubar masa da girma gaban mata. Yana so ka aiko da faɗa, ta je zaure ta durƙusa ta ba shi haƙuri, in ba haka ba ta koma gidan ubanta. Mijin nata kuwa ƙasa kawai yake kallo, kamar an ba shi ajiyarta. Matan da suka tsaya riƙe da haɓa a ranar, su ne yanzu masu yi mata habaici a bakin rijiya.

Yaya, ni na rene ta, ni na koya mata kunyar nan, kuma ban taɓa alfahari da ita ba kamar ranar da ta yar da kunyar. Ta ce duk abin da ka yanke za ta bi, don ba ta saɓa maka. Shi ya sa nake tsoro. In ka ce ta durƙusa, za ta durƙusa, kuma gobe in irin haka ta sake faruwa sai ta tsaya tunani tukuna.

Ka gaishe mini da Nababa da matarsa Falta, da duk ’yan garinmu da ke tare da kai. Mairo tana gaishe ka, tana jiran maganarka. Dabo bai iya gaisuwa ba tukuna, amma ga shi nan a cinyata yana numfashi.

Wassalam. Ƙanwarka, Barira.