Na Zaci Keken Mai Rumfa Ne

Zuwa ga Nazeefa, sanyin idona, ruwan randar Ushafa a tsakiyar bazara, farin watan da ya fi fitilun Maitama haske ko da an tada janareto!

Kin tuna ranar da kika miƙe a taron ƙungiyarku, kika ce yaran ƙauyen Paikon Kore suna karatu a aji marar rufi, kuna neman jarumai da za su ratsa hamada a keke don masu hali su buɗe bakin aljihu? Muryarki ta sauko mini kamar ruwan farkon damina. Hannuna ya tashi tun kafin hankalina ya dawo. Kika yi murmushi, kika ce ke mai cika alkawari kaɗai za ki aura.

Wayyo, tauraruwata! Wa ya gaya mini keken hawa kike nufi? A garin nan in an ce keke, ai mai ƙafa uku ne, mai rumfa da direba! Na ɗauka zan harɗe a baya cikin babbar riga, ina ɗaga wa raƙuma hannu, ina tausaya wa yara daga inuwa. Sai ga ƙarfe mai ƙafa biyu, sirdinsa kamar cokali, da wani matsattsen wando da ba zan bari mahaifiyata ta gani ba. Ni, Mataimakin Darakta, da ko jakata sai an riƙe mini!

Yanzu kullum da safe ina hanyar Kuje ina koyo. Babu kwatar da ba ta san ni ba. 'Yan acaba har gaishe ni suke daga sama, ni ina ƙasa. Farouk kuwa, ramammen nan na ƙungiyarku da ke yawan washe miki baki, sai ya wuce ni a kekensa hannu a sake yana fito. Kishi na ci na, gwiwa na zogi. Shin tumbi laifi ne, ya furen zuciyata?

Na so in tura direbana a madadina, yadda muka saba a ofis. Sai na tuna shi ma bai da aure, kuma alkawarin shi zai cika.

Don haka zan tafi. Abu ɗaya nake roƙo: in kowa ya iso, an gama hotuna, kada ki naɗe tabarma. Akwai saura mutum ɗaya a bayan tudun yashi, yana turo kekensa da ƙafa, yana kiran sunanki.

Naki har abada, a bisa keke ko a ƙarƙashinsa,
Abdulhakim