Takardar da Ban Tsaya Na Yanka Ba

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, yaya maigidanki da yara? Yaya ƙafar mahaifiyarki? Ni lafiya ƙalau, sai ɗan ciwon kafaɗa da bai kai a faɗa ba.

Motarki ce ba lafiya. Kwana biyu da tsallaka iyaka na bugi bayan wata motar kaya. Na miƙa wa wani jami'i inshorarki, ya ce, "Baba, wannan ba ta aiki a ƙasarmu." Sun riƙe motar sai an sasanta.

Na san kin ce in yanki inshorar ƙetare a ofishinsu na bakin iyaka. Amma sau uku kika faɗa, a gaban mijinki, kamar ba ni na koya miki riƙe sitiyari ba. Da na hango ofishin, sai na ƙara taka mai.

Yanzu da me kike kai yara makaranta? Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Makanikin da ke rubuta mini wasiƙar nan ya ce in daina kewaye-kewaye. To, laifina ne. Kada ki karanta wa mahaifiyarki wannan layin.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki