Murjanin da Ban Saya Ba

Zuwa ga uwargidana, kakata Inna Tabawa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Alƙahira. Yaya ƙafar taki, yaya su Baba da Humaira? Ni ƙalau nake. Dakon kaya a kasuwar Ataba bai kashe ni ba, kafaɗa ce kawai ba ta son in ɗaga hannu.

Sai maganar murjanin da kika ce kada in dawo ba shi. Na samo mai sayarwa. Amma Tarig, ɗan Sudan ɗin da ya ba ni wurin kwana, ya ce kada in saya. Wai murjani ba dutse ba ne, halitta ce mai rai a ƙarƙashin Bahar Maliya, a cikinsa kifaye ke zama. Ana farfaso shi ne saboda irinmu masu saye, kuma sai ya yi shekaru bai tofo ba. Ban yarda ba. Na ɗauka ramuwa yake yi, don makon jiya na zuba masa gishiri a shayi.

Na koma wurin mai kayan na tambaye shi ina ake samowa. Inna, sai ya duba hagu da dama, ya tura su ƙarƙashin tebur, ya ce, "Khalas, ya isa! Kai ɗan sanda ne?" Mai kayan halal ba ya haka.

Don haka na ba Malam Rilwanu, da zai dawo gida, duwatsun wuya na gilashi ya kawo miki, jajaye wur. Na san za ki ce mijin naki ya fara rowa. Ki yi yajinki, zan zo biko. Amma ni da nake raɓe a gidan wani, ba da hannuna za a rushe gidan kowa ba, ko da na kifi ne.

Ki sa min albarka ko da harara ce.

Naki,
Sagiru