Ana Ganin Teku In Ka Hau Tanki

Anti Mansura, ki taimake ni kafin in je Aziziyya in yi abin da za a daɗe ana labari.

Ni da kaina na koyi karatu, amma na fi masu rataye takarda a bango karance-karance. Sana'ata ita ce, wani ofishin dillancin gidaje da ke unguwar Aziziyya, nan Jidda, yana ba ni hotuna da bayanan gidajen haya, in juya su daga Larabci zuwa Hausa, in saka a zauren Wasap na mutanenmu. Mai ofishin, Raed, ya ce sharaɗi: ba canji, ba ƙari, ba tallar komai a jikin bayanan. Na sa hannu, yalla, aka fara aiki.

To ki ji. Wani gida a Kurayyat aka rubuta wai "ana ganin teku". Na je da ƙafata. Na fassara daidai, na ɗan ƙara a ƙasa cewa ana ganinsa in ka hau tankin ruwa, ka yi ɗage, Allah kuma ya hore maka ido. Wani aka ce "kusa da kasuwa", na bayyana cewa mai kifi na iya miƙo maka ta taga. Wanda aka ce "mai iska" kuwa, ƙofar banɗaki ce babu, na faɗa. Jama'a suka yi ta shigowa zauren. Ganin haka na liƙa lambar ƙanena Rilwanu, mai feshin kyankyaso, ƙarƙashin kowane hoto. Zumunci ya zama laifi ne?

Na ɗauka cikin masu gidajen da 'yan ofishin ba mai jin Hausa. Ashe mai gidan tekun, Turki sunansa, jikan Hausawa ne. Ko gaisuwa sai ya haɗa da Larabci, amma ba abin da ke wuce masa, kuma kakarsa na cikin zauren, ita ce ma ta fara turo dariya. Turki ya kai ƙarata ofis, yanzu Raed ya daina ba ni bayanai, ya ce halas, wato an gama. Zaure ya mutu, sana'ata ta tsaya, don kawai na faɗi gaskiya. In kai ƙara ne, ko in riƙa kwaso hotunan daga shafinsu?

Mai Gaskiya, Bab Makka

Ɗana Mai Gaskiya,

Na yi dariya, sannan na ji tausayinka. Maganar teku zuƙi ce, wannan na ba ka. Amma hotunan nan ba naka ba ne, aronsu aka ba ka bisa sharaɗi, kuma mai karatu irinka ba zai ce bai gane abin da ya sa wa hannu ba. Mutum ya ba ofis hoton gidansa don ya samu ɗan haya, ba don a sanar da Jidda cewa kyankyasai sun riga kowa tarewa ba.

Kada ka kwaso ko hoto ɗaya, nan ne ƙaramar magana za ta zama babba. Ƙarar ma ka bar ta, sa hannunka zai fara ba da shaida a kanka. Goge ƙare-ƙaren, Rilwanu ya buɗe nasa zauren. Sannan ka samu Raed cikin sanyin murya, ka roƙi abu guda: duk tallan da ka tabbatar ƙarya ne, a yarje maka ka ƙi saka shi. Haka za ka tsira da gaskiyarka da sana'arka.

Kafin nan, ka riƙi dabino ka je gaida kakar Turki. Wadda ta fara dariya ba za ta ƙi sa baki ba. Shi kuma ka ba shi haƙuri da Hausa, ai ka tabbatar yana ji.

Allah ya buɗa maka, ya sanyaya harshen nan.

Anti Mansura