Yaya Rabi, Na Yi Kishinki a Kan Hamidu

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ni ce Zainabu, matar ƙanenki, wadda duk Konni ke kira Madam saboda ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ke kaɗai ba ki taɓa kirana haka ba. Amarya kike ce mini har na haifi 'ya'ya biyar.

Na san wasu za su karanta wannan takarda su ce tsohuwa ta rasa abin faɗa sai maganar bayan gida. Su ce. A kan wannan maganar na yi miki laifin da ban taɓa neman gafararsa ba.

Hamidu ɗan farina ne, shi ya sa ba ki taɓa jin sunansa a bakina ba. "Yaron nan" nake cewa. Al'ada ta ce uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, kuma duk da bokona na bi al'ada. Yana da shekara uku aurenki ya mutu a Tsarnawa, kika dawo gidan ƙanenki ba ɗa ba jika. Kowa ya ce Allah Ya haɗa ki da Hamidu. Ni ma na faɗa, da baki.

Kin tuna yadda yake. Ba ya kallon idon mutum. Ba ya magana sai maimaita abin da ya ji. Yakan wuni yana jera ƙwallon goruba a gindin katanga, in jaki ya yi kuka ya toshe kunnuwa. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ce iska ta taɓa shi. Yanzu likitoci suna cewa otizim, a rediyo kuma na ji ana cewa galahanga. Mu a lokacin ba mu da suna, yaro kawai muke da shi.

Abin da ya fi wahalar da mu cikinsa ne. Ba ya cin komai sai tuwo gaya, ba miya, ruwa ma sai a wani koren moɗa guda. Yakan yi kwana biyar, kwana shida, bai yi bayan gida ba. Sai ka gan shi ya kama katanga, ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, gumi na zuba. Ni na ɗauka yunƙuri yake yi. Ke kika ce, "Ba nishi shikai ba, amarya. Riƙewa shikai." Duk da haka wandonsa kullum a ɓace da wani ruwa-ruwa, har na zaci zawo ne, ko ganganci. Fitsari ma ya riƙe shi tun safe har la'asar, sannan ya sake shi duk inda ya kama shi.

Wata Lahadi na ja shi zuwa salanga, na riƙe shi a kan ramin da ƙarfi. Ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da ya kuɓuce ya jiƙe mini zane, na cire takalmi na dake shi. Ba ki hana ni ba. Sai da na huce kika ce, "Ki duƙa daidai tsawonshi ki leƙa ramin ga, ki gaya min mi kika gani." Raina ya ɓaci. Amma da kika fita na je na duƙa. Duhu ne ba iyaka, ga kyankyasai, ga ƙofar langalanga da ke ƙara kamar za ta tsaga kunne. Na gani. Ban gaya miki na gani ba.

Ke kika samo wani tsohon kasko, kika zuba masa yashi, kika ajiye a bayan rumbu. Kullum bayan kunun safe sai ki ja shi can. Ki shafa masa man kaɗe a ciki, ki zaunar da shi, ki juya masa gefe, ki ɗauko auduga da mazari ki fara kaɗi. Ba ki kallonsa, ba ki cewa komai. Shi kuwa sai ya kafa wa mazarin ido yana juyawa, har jikinsa ya manta da riƙewa. Ruwan tsamiya kika fara ɗiga masa a koren moɗan kaɗan-kaɗan don kada ya gane. Miyar kuɓewa kika fara da lakuta a gefen tuwo. Kafin a yi girbi, yaron da ke kwana shida ya koma kwana biyu.

Ya kamata in gode miki. Na gode, a gaban mutane.

Amma nakan dawo daga lakwal da rana, na wuni ina koya wa 'ya'yan wasu karatu, in tarar da nawa ya jingina bayansa da bayanki. In na miƙa hannu sai ya noƙe kafaɗa kamar na taɓa shi da garwashi. Ke kuwa ki ɗaga masa riga ki danna cikinsa yadda kika ga dama. Ni na yi naƙudarsa kwana biyu. Ni na karanta littattafan Faransanci a kan renon yara. Ke ko baƙi ba ki sani ba, kuma ke ya zaɓa.

Ranar da ya fara kiran mutum da kansa, ke ya kira. "Inna," ya ce. Ni kuwa abin da ya ji ɗalibaina suna faɗa ya ɗauka, yana ce mini Madam. Kin yi ƙoƙarin gyarawa, kika nuna ni kika ce, "Ga innarka can." Ya ce, "Ga innarka can." Matan gida suka fashe da dariya. Na yi dariya tare da su. Wa zan gaya wa? Uwar da ba a yarda ta nuna son ɗan fari ba, ta yaya za ta ce tana kishi a kansa?

Yana da shekara shida ƙanenki ya samu aikin buro, wato na ofis, a masana'antar siminti ta Malbaza, ni ma aka mayar da ni lakwal ɗin can. Ya ce, "Sai mu tahi da Yaya." Na ce gidan ɗaki biyu ne. Na ce yaro ya girma, dole ya koya, kuma can akwai salanga ta siminti mai tsabta. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ba ko ɗaya a ciki da ya zama dalilina.

Ba ki yi gardama ba. Kika wanke kaskon kika ɗaure mini shi a tsumma, kika ce, "Bayan kunun sahe. Kar ki dube shi, kar ki yi mishi magana." Da aka zo loda kaya a kamiyo, na zagaya da shi na ajiye a bayan rumbu, na rufe da kara. Ina so in fara da ɗana a sabon wuri, ba tare da komai naki ba.

A Malbaza, kwana uku na farko ban damu ba. Na biyar na sayi sabon kasko, ya ƙi ko kallonsa. Na bakwai na dafa masa filasko na ɗura masa. Cikin ya murɗa, ya yi ta birgima a ƙasa, amma ba abin da ya fito sai ruwan nan da ke ɓata wando. Na je kasuwa na sayo mazari da auduga, ni da ban taɓa kaɗi ba. Zare ya tsinke, mazari ya faɗi, na sake, ya sake faɗuwa. Ya kalle shi sau ɗaya ya juya fuska ga bango.

Ya daina cin abinci. Cikin ya kumbura ya yi tauri, ka taɓa kamar tulu. Fitsarinsa ya yi ja, in zai yi sai ya yi kuka, ga zazzaɓi. Ranar sha ɗaya muka kai shi gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya danna cikin ya ce kashi ne ya daskare har ya danne mafitsara, shi ya sa fitsarin ba ya fita duka, shi ya kawo zazzaɓin. Mutum uku suka danne shi aka ɗura masa ruwa da roba ta ƙasa. Ya ciji leɓensa har jini. Ina tsaye, hannuna a ƙafarsa, ina cikin masu dannewa.

Da aka gama, majo ya ba mu magani ya ce, "Madam, na yau mun hidda. Amma in ya koma riƙewa, za ki dawo nan da shi. Da can wa ke kai shi bayan gida?"

Ƙanenki yana tsaye a gefe. Ya kawar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na hau mota zuwa Tsarnawa, inda kika koma gidan kawunku. Na same ki kina sheƙar wake. Kika dube ni, ba ki tambayi lafiyar kowa ba, kika ce, "Kwana nawa?" Na ce sha ɗaya. Kika ajiye ƙwaryar kika shiga ɗaki. Da kika fito, ga ƙullin kayanki a ka, ga kaskon a hannu, cikin tsumman da kika ɗaure mini shi.

Ashe kin gan shi a bayan rumbu. Ashe kin san ba mantuwa na yi ba. Muka zauna a bayan mota kafaɗa da kafaɗa har Malbaza, kaskon a cinyarki, ina jira ki yi magana. Ba ki yi ba ranar, ba ki yi ba har kika bar duniya. Yaya, wannan shirun naki ma na yi kishinsa. Kin fi ni wurin ɗana, kin kuma fi ni hali.

Da ya gan ki bai ruga ba, ba halinsa ba ne. Ya zagayo ya zauna ya jingina bayansa da naki. Tsoro ya riga ya shige shi, sai da kika yi safiya huɗu kina kaɗi a banza. Ta biyar ina laɓe a bayan zana, ina jin mazari yana juyawa a kan 'yar fatarki. Can kika fito da kaskon rufe da yashi, kika ce, "Alhamdu lillahi." Na shiga ɗaki na yi kuka. Rabin kukan godiya ne ga Allah. Ɗaya rabin kin san na mene ne.

Ba ki riƙe shi ke kaɗai ba, ko da yake za ki iya. Kika zaunar da ni kika koya mini kaɗi kamar yarinya. Kika ce in riƙa zama kusa da ke da safe kafin in tafi lakwal, daga baya kika ce in zauna a wurinki, ke ki tsaya daga nesa. Kaskon ma kika riƙa matsar da shi taki ɗaya duk mako zuwa bakin salanga. Kika sa aka cire ƙofarta ta ƙarfe aka rataya tabarma, aka ɗora katako aka rage faɗin ramin. Yana da shekara goma ya fara shiga da kansa. Fitsarin kwance ya daɗe bai bar shi ba, amma shi ma ya bari. Ya yarda da ni, ba zan ce bai yarda ba. Sai dai ko ina gabansa, idonsa na wajen da kike.

Yana da shekara goma sha biyar ciwon ƙirji ya ɗauke ki. Na yi kukanki da gaske, Allah shaida ne. Amma ranar sadakar uku, ina rabon waina, wani abu a cikin raina ya ce, yanzu dai nawa ne. Na yi istigfari nan take. Har yau ina yi.

Ya yi mako yana tsaye a ƙofar ɗakinki, cikinsa ya sake ɗaurewa kamar yana ƙarami. Wannan karon ban ɗura masa komai ba, ban ja shi ba. Na jiƙa tsamiya, na zauna a inda zai gan ni, na jira. Har cikin ya sake, muka fita daga wannan halin.

Shekara arba'in da biyar muka yi tare bayanki. Ya zama gwanin tufkar igiya, har daga Tajaye ake zuwa neman tasa don ba ta warwarewa. Ƙannensa duk sun yi aure sun watse, ƙanenki ya rasu, muka dawo Konni, muka rage ni da shi. Cikin bai taɓa sakinsa gaba ɗaya ba, amma bai sake kwanciya a gidan likita saboda shi ba. Wannan aikinki ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, Hamidu ya rasu cikin daminar nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. A kwana na ƙarshe ya bar ni na riƙe hannunsa tun hantsi har azahar, bai janye ba.

Da maza suka ɗauke shi suka fita, mata suka kewaye ni suna cewa ya huta, Allah Ya sa mai ceto ne. Ina amsawa da amin. Amma abin da ya zo mini a zuciya, ni da furfura, ni da carbi a hannu, shi ne: ya tafi wurin Yaya. Kin sake riga ni.

Ki yafe mini, Yaya. Ki yafe mini kwana sha ɗayan nan, domin shi ba zai iya cewa ya yafe ba, ke ce bakinsa. Allah Ya jiƙanki, Ya saka miki da abin da ni ban iya saka miki ba. Allah Ya jiƙan Hamidu, Ya ba shi jikin da ba ya ciwo. Allah Ya haɗa ku a Aljanna, ina faɗa da baki kuma ina ƙoƙarin faɗa da zuciya. In nawa lokacin ya yi, Allah Ya kai ni inda kuke. Ba zan ce ki tashi ba. Ki ɗan matsa mini kawai.

Wassalam.

Amaryarki,
Zainabu