Tsakuwar da Ta Ci wa Garin Nan Kofi

Rifkatu ce ke rubuta mini wannan, nas ɗin nan 'yar Jos, maƙwabciyarmu a Clinton, nan Amurka. Na ce in ta gama a karanta a taron ƙungiyarmu ta 'yan gida, kowa ya ji.

Malam, sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka a makwancinka, shekara shida ke nan. Yara lafiya, jikoki sun yi tsawo, Hausar ce dai ba sa mayarwa.

Ƙara na kawo maka. Autanka Likita ya ce na fara ruɗewa. Har ya yanki tikitin jirgi, wai in koma Zariya wurin ƙanwata in huta. In tafi in bar kabarinka a nan? Wa zai riƙa zuwa yana cire maka ciyawa?

Ka ji abin da ya jawo. Ranar sunan jaririyarsa a Springfield, abokansa suna falo suna musun besbol, ƙwallon sandan nan naka. Duk sun koma bin ƙungiyar garin maƙwabta, tunda tamu ta Washington an kwashe ta an kai wata uwa duniya. Wani injiniya mai ƙaton agogo ya ce Washington ba ta taɓa cin kofi ba. Ina riƙe da tiren masa na ce ƙarya ne, ta ci sau ɗaya, kuma tsakuwa ce ta ci mata.

Malam, dariya suka yi har da buga cinya. Ɗanka ya kama hannuna ya kai ni ɗaki kamar mai zazzaɓi.

To ai kai ka gaya mini. Lokacin kana direba, kana jiran maigidanka a bakin fili, tsohon nan mai tsaron ƙofa ya ba ka labari, shi yana yaro aka yi a gabansa. Wasan ƙarshe, an yi kunnen doki, an ƙara lokaci. Aka bugo ƙwallo tana gangarowa ƙasa, mai tsaro, ɗan wasan abokan karawa, ya duƙa zai cafe, ta ci karo da tsakuwa ta tsallake kansa. Kuma ba sau ɗaya ba, sau biyu a wasan, na biyun ne ya ba tamu kofi.

Ka tuna ranar da ka kai ni filin, daf da za a kwashe ƙungiyar? Na tafi da ƙosai a ƙunshe, ban gane komai ba, ka yi ta nuna mini inda ka ce nan mai tsaro ke tsayawa. Ka ce, riƙe wannan, Hajiya, masu garin ma sun manta.

Na riƙe. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma macen da ta haddace kakanninta har bakwai, ita ce tsakuwa ɗaya za ta kuɓuce mata?

Jiya Rifkatu ta tashi daga aiki ta biya laburare, ta ɗauko hoton tsohuwar jarida. Ta karanta mini da Turanci, ta juya da Hausa. Tsakuwa tana nan, Malam. Sau biyun ma yana nan.

Da safe na fita bakin titi na tsinto 'yar tsakuwa, na wanke ta. Na shimfiɗa jaridar a tebur, na ɗora tikitin a kai, na danne da tsakuwar. Likita ya zo ya karanta a tsaye. Sai ya hau sosa ƙeya, irin yadda kake yi in na kama ka da gaskiya. Nan ne kawai ya ba ni tausayi.

Ba inda za ni. Injiniyan nan kuma, in yana wurin da ake karanta wannan, ina jiran gaisuwarsa har gida, a durƙushe.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka, ya sa in zo in kwanta kusa da kai. Ranar Juma'a ina tafe.

Matarka, wadda ba ta manta ba.

Rifkatu, ajiye biron nan. Na gaji.